Ciwon da Mama Ta Miƙa

Duk farkon wata nas takan zo da sabuwar kwalbar magani, ta ɗauke tsohuwar a cike kamar yadda ta kawo ta. Har ta daina tambaya. Sai ta ɗaga kwalbar wajen taga, ta ga ruwan bai ragu ba, ta kalle ni kamar ni ce na hana a sha, ta rubuta wani abu a takardarta ta tafi. Likita ya gaya mana gaskiya tun da wuri: ciwon dajin ya shiga ƙashin Mama, babu aikin da za a yi, abin da ya rage kawai shi ne kada ta sha wahala kafin lokacinta. Cokali ɗaya, sau huɗu a rana. Mama ta ce, “To, likita, Allah ya saka da alheri.” Wata bakwai ko ɗigo ba ta sha ba.

Wanda bai san Mama ba zai rantse ba a taɓa yin mace mai sauƙin kai kamarta ba. Ba ta musu da kowa. Likita “to,” nas “to,” Fada, limamin cocinmu, kuwa “to, Fada” har da sunkuyar da kai, sannan ta yi abin da ta riga ta yanke. Ni da na rufe shagon ɗinkina, na kwaso keke na ajiye a falonta, na bar mijina da yara biyu a can ƙarshen gari sai ranar Lahadi su gan ni, ni na san taurin da ke ƙarƙashin wannan “to” ɗin.

Abin ya fara ne shekara goma sha ɗaya baya, kuma daga ciwon gwiwa ya fara. Bayan mun binne Baba, ƙanena Auta ya daina zuwa coci. Bai yi faɗa da kowa ba, bai ce ya bar addini ba. Kayan gyaran firjinsa kawai ya tattara ya koma wani gari, ya ajiye mace ba tare da an ɗaura musu aure a coci ba, Lahadi ta zama ranar da yake wanke motarsa. Wata Asabar Mama ta je ikirarin zunubai wurin Tsohon Fada, wanda shi ya yi mana baftisma mu duka. Gwiwarta tana damunta a lokacin, ta kasa durƙusawa da kyau, ta ba shi haƙuri ta bayan labule. Ta faɗi zunubanta, ta ƙara da kukan Auta. Da ya zo ba ta aikin tuba, abin da ake ba mai ikirari ya je ya cika, sai ya ce, “Ki yi ‘A gaishe ki Maryamu’ sau uku, ciwon nan kuma ki miƙa wa Allah domin yaron har ya dawo.”

Ita da bakinta ta gaya mini a hanyar gida, tana ɗingishi tana murna kamar wadda aka ɗauka aiki. Ni ma ban ga wani abu a ciki ba. Kalmar nan a bakin kowa take a cocinmu. Kin yi tuntuɓe, ki miƙa. Miji ya ɓata miki rai, ki miƙa. Tun muna ajin katikis, inda yara ke koyon addini, aka koya mana cewa wahalar da mutum ya haɗa da ta Yesu a kan gicciye ba ta faɗuwa ƙasa a banza, tana iya amfanar wani. Amma Fada bai tsaya tsakanin addu'a ukun da maganar ciwon ba. A numfashi ɗaya ya faɗe su, Mama kuwa ta kwashe su duka a matsayin aikin tuba, shi kuma aikin tuba ba a yi masa ragi. Da tari ya sarƙe shi a tsakani, da uwata ta samu barci a ƙarshen rayuwarta.

Gwiwa ta warke, ta dawo, ta sake warkewa. Ciwon haƙori ya zo, ta miƙa. Zazzaɓi ya zo, ta miƙa. Da wannan babban ya iso sai ta karɓe shi kamar ƙarin girma aka yi mata. A ganinta ƙananan ne ba su isa ba, shi ya sa yaron bai dawo ba.

Wanka ya fi komai muni. Da safe in na zo juya ta, sai ta sa gefen tawul a baki ta cije. Ba ta ihu. Wani sauti ne yake fita ta hancinta, siriri, mai tsawo, idan ya sauka sai ta zare tawul ɗin ta ce, “Domin Auta.” Wata rana na ƙirga, daga cire riga zuwa sa wata, sau ashirin da uku. Ni ce hannuna yake ƙarƙashin ƙugunta, ni nake jin ƙashin yana motsi a inda bai kamata ya motsa ba. In na gama sai in koma falo in ta taka keke da ƙarfi, ko babu abin ɗinkawa, don ƙarar ta toshe mini kunne. Rosari, addu'ar carbin da muke yi tare da yamma, bakina ne kawai yake yi. Na daɗe da daina magana da Allah, don abin da ke cikina ba irin wanda ake faɗa a gaban gicciye ba ne.

Ƙaramin Fada ne yake kawo mata Jikin Yesu, tsarkakkiyar gurasar da ake karɓa a coci, duk ranar Juma'a, tunda ba ta iya zuwa coci. Matashi ne, dogo, mai tabarau, kullum cikin sauri. Wata Juma'a na tare shi a bakin ƙofa na zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya goge, ya koma ciki ya ja kujera kusa da gadonta.

“Mama, an ce ba kya shan magani.”

“Haka ne, Fada.”

“Coci ba ta hana ba. Shan magani ba zunubi ba ne, ƙin sha kuma ba shi ne tsarki ba. Ciwon da ba yadda za a yi da shi, shi ake miƙawa. Wanda Allah ya aiko da maganinsa ta hannun likita, sai a karɓa a gode. Jinƙan Allah ba sayensa ake yi ba, Mama. Ya fi ki son Auta.”

“Gaskiya ne, Fada.”

“To ni Fadanki ne, kuma na ce ki sha. Wannan ita ce biyayya.”

“To, Fada.”

Ya miƙe yana murmushi, ya kalle ni irin kallon wanda ya gyara abu cikin minti biyu bayan masu gida sun yi wata bakwai suna fama. Na raka shi, na dawo, na zuba cokali ɗaya na kai bakinta. Ta rufe baki.

“Mama, kin ce to.”

“Na ce to. Yaron kirki ne, ya yi karatu.” Tela take kirana, kamar kowa. “Amma ba shi ya ɗaura ba, Tela. Wanda ya ɗaura, shi zai kwance.”

“Ai Fada duk Fada ne.”

“Haka ne.”

“To sha.”

“Ba shi ya ɗaura ba.”

Na mayar da maganin cikin kwalba a hankali, don in na bi ta raina da bango zan jefa cokalin.

Da rana na fita bayan kicin, inda ba za ta ji ba, na kira Auta. Ina jin ƙarar guduma a bayansa da rediyo.

“Yaya, ya jikin Mama?”

“Ka zo ka gani mana.”

“Kin san yadda aiki yake lokacin zafi.”

“Ba dogon abu nake nema ba. Ka zo Lahadi ɗaya. Ka shiga coci, ka durƙusa a inda matan ƙungiyarsu za su gan ka, ka zo ka ce mata ka dawo. Ta sha maganinta. Litinin ka koma wa firjinka.”

Na ji ya rage ƙarar rediyon.

“Yaya, ba zan iya yi wa Mama ƙarya ba. Kin san ban yarda da abubuwan nan ba. Kuma ni ban ce ta sha wahala domina ba. Duk sanda na kira sai in ji kamar ni nake karya mata ƙashi, shi ya sa ma na rage kiran.”

Riƙon gaskiya yana da daɗi daga nisan awa shida a mota. Na gaya masa maganganun da ba zan maimaita ba, ya saurara duka, ya ce in yi haƙuri. Mako na zagayowa ya aiko da bargo mai laushi da gwangwanin madara shida. Ana tsakiyar zafi, amma Mama ta sa na lulluɓa mata bargon, tana zufa tana shafa shi.

Saura mutum ɗaya ke nan. Tsohon Fada ya yi shekara shida da barin aiki, yana gidan da sistoci suke kula da tsofaffin fadoci, mota biyu ake hawa kafin a isa. Ranar Litinin na bar Mama da maƙwabciyarmu, Matar Katikis, na ce zan je sayen zare. Dabarata mai sauƙi ce: in sa shi ya ce, “Na kwance, ki sha magani,” in ɗauki muryar a waya in kawo mata. Muryar nan ko a cikin barci Mama za ta gane ta. A zamaninsa ba ya bukatar lasifika, in ya yi wa'azi har masu sayar da kyandir a bakin ƙofa suna ji.

Sistar da ta karɓe ni ta ce kada in sa rai da yawa. Na same shi a baranda cikin keken guragu, an ɓalle masa maɓallan suwaita a karkace. Wani farin hankici ne a cinyarsa, yana ninke shi gida uku, ya shafa, ya warware, ya sake ninkewa, yadda suke ninke ƙyallen kan bagade. Ya rame har zobensa yana yawo a yatsa. Na zo da faɗa cike da bakina tun daga tasha, da na gan shi sai na rasa wanda zan yi wa.

Na durƙusa na gaishe shi. Na faɗi sunan Baba, na faɗi na Mama, na ce ita ce mai zama a benci na biyu ta gefen hagu, mai kawo furanni.

“Kin zo ikirari, 'yata?”

“A'a, Fada. Uwata ce ba ta da lafiya.”

Na ba shi labarin tun daga gwiwa har zuwa ƙashi. Ya karkato da kunnensa wajena, ya rufe ido, yana gyaɗa kai a daidai inda ya kamata a gyaɗa. Na ce a raina ashe yana ganewa. Na kunna wayar na matsa da ita kusa da bakinsa. Da na kai ƙarshe sai ya ɗaga hannu a hankali.

“Ki miƙa, 'yata.”

“Fada, ai ita ce matsalar. Ka ce ta sha magani. Ka ce ka kwance. Faɗa a nan.”

“Ki miƙa wa Allah.”

“Haka yake gaya wa kowa,” in ji Sista daga bayana. “Jiya mai gyaran famfo ya ce masa bututu ya fashe, ya ce ya miƙa.”

Ta yi 'yar dariya, irin ta wanda ya gaji. A hannunta akwai ƙaramin faranti da ƙwayoyi biyu, da kofin lemo.

“Na ciwon bayansa ne. In bai sha ba, ba ya iya zama.”

Tsohon Fada ya buɗe baki tun kafin ta iso. Ta sa masa ƙwayoyin a harshe, ya kora da lemo, ya lashe leɓe, ya ce mata sannu da aiki. Ina tsaye wayar tana ta ɗauka. A cikin mota na saurara sau ɗaya na goge, na kuma tuna ban sayi zaren ba.

Mama ba ta iya cin abin kirki, shayi ne abincinta, mai madara da sukari da yawa, sau huɗu a rana. Da yammar nan na daka citta na zuba don ta ɓoye ɗacin, na auna cokali ɗaya na juya. Ta ce shayin yau ya yi yaji, na ce citta tana da amfani, ta ce to, ta shanye.

Kafin rabin awa na ga kafaɗunta sun sauka. Ban san a ɗage suke ba duk watannin nan sai da na ga sun sauka. Yatsunta da kullum suke damƙe da gefen katifa suka saki. Tana tsakiyar rosari barci ya kwashe ta, baki a buɗe, har da minshari. Washegari sai ƙarfe takwas ta farka. Na juya ta, na wanke ta, na canja mata riga, tawul ɗin yana rataye a ƙusa ba wanda ya taɓa shi. Ranar Laraba ta ci shinkafa cokali biyar, ta ce in zaunar da ita kusa da taga in taje mata kai.

Matar Katikis da ta shigo ta gan ta a zaune sai ta zube a ƙasa tana ɗaga hannu. Ta ce addu'ar kwana tara da matan ƙungiya suka yi ce ta ci, dama ita ta yi mafarki, kuma ranar Lahadi sai ta tashi a gaban jama'a ta ba da shaida. Ta fita ta kira wasu biyu, suka zo suka cika ɗakin da waƙa. Ni dai ina kicin ina auna abin al'ajabin da cokali.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi a kwanakin nan. Na ɗinka riguna biyu da suka yi wata uku a yanke. Na kira yarana muka yi hira ba tare da ina kasa kunne ɗaya wajen ɗaki ba. Daɗin ne ya hana ni lura da wuri cewa a duk masu murnar nan babu Mama. Takan sa yatsu ta danna ƙugunta, ta danna haƙarƙari, kamar mai laluben abu a aljihu. Tun ranar Talata take tambayata ko Auta ya kira. Ta tambaya da safe, ta tambaya da rana. Ranar Laraba da yamma ta ce in kira mata shi.

“Auta, ka je coci?”

Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye. “Mama, don Allah kada mu fara. Ya jikin?”

“Ko ikirari? Ko ka shiga kawai ka zauna?”

“Mama, kin san ba na zuwa.”

“To,” ta ce. Ta miƙo mini wayar ba ta yi masa sallama ba.

Ranar Alhamis ba ta yi magana ba sai abin da ya zama dole. Ta sha shayinta huɗu, ta ƙi zama wajen taga. Da na ɗauko rosari da yamma ta ce in yi ni kaɗai, tana saurare.

Ranar Juma'a da hantsi Ƙaramin Fada ya zo. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, na kunna kyandir kamar kullum. Ya gama addu'a, ya ɗaga Jikin Yesu, sai Mama ta juya fuska wajen bango.

“Ban cancanta ba yau, Fada.”

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta ƙi karɓa ba. Ya tambaye ta ko tana son ikirari, ta ce ba yanzu ba. Ya yi ta lallashi, tana cewa to, fuskar tana bango. A ƙarshe ya rufe ɗan akwatinsa, ya ce mini a bakin ƙofa masu dogon ciwo sukan shiga irin wannan duhu, in yi ta yi mata addu'a. Ya duba agogo ya tafi, yana da marasa lafiya uku a layin bayanmu.

Na koma kicin na haɗa shayin ƙarfe goma, da citta, da cokali ɗaya, na kai mata.

“Ajiye, Tela. Zauna.”

Na ajiye kofin a kan kujera, na zauna a bakin gado.

“Ya daina karɓa.”

“Wa?”

“Allah. Ciwon ya tafi, yaron bai dawo ba. Har ya dawo aka ce. In aka sallami ma'aikaci aiki bai ƙare ba, ai korarsa aka yi.”

“Mama, sauƙi ne kika samu. Kowa yana godiya.”

“Na san abin da na yi.” Muryarta ta yi ƙasa. “Ranar da kika je sayen zare, ya taso mini yadda bai taɓa yi ba. Matar Katikis ta fita ɗauko ruwa. Na ce, ‘Yesu, ya isa haka.’ Da bakina na faɗa. Sau ɗaya tak. Da yamma ya ɗauke.”

Sai hawaye. Wata bakwai ƙashi yana ruɓewa a jikinta ban ga hawayenta ba sai ranar. Suna gangarowa ta gefen ido suna shiga kunne, ba ta share ba.

“Shekara goma sha ɗaya, Tela. Saura kaɗan, na sani saura kaɗan, na kasa. Yanzu wa zai tsaya wa yaron nan? In na mutu na je, me zan ce na kawo?”

Kofin yana kan kujera yana tururi. In na yi shiru, za ta sha, za ta yi barci, za ta mutu ba tare da zafi ba, tana ganin Allah ya kore ta kuma ita ta jefar da ɗanta, fuskarta a bango duk ranar Juma'a. In na yi magana, na san abin da zai dawo, kuma ni zan riƙe shi da hannuna kowace safiya. Na yi tunanin maimaita mata maganar Ƙaramin Fada, cewa jinƙai ba sayensa ake yi ba. Na san amsar, kalma ɗaya ce. A wannan lokacin na tsane su duka: Auta da gaskiyarsa, tsohon da lemonsa, da wanda ke rataye a kan gicciye a bango sama da gadon yana kallonmu bai ce komai ba. Ita ma na tsane ta, ita ce ma kan gaba, kuma ina riƙe da hannunta.

“Mama, ba Allah ba ne. Ni ce.”

Ta juyo.

“Maganin yana cikin shayi. Tun ranar Litinin da yamma. Shi ya sa na fara sa citta.”

Ta kalli kofin, ta kalle ni, ta sake kallon kofin. Na shirya wa faɗa, na shirya wa tsinuwa ma. Sai na ga fuskarta tana buɗewa a hankali, har haƙoranta suka bayyana. Ta yi alamar gicciye, ta yi wata 'yar dariya cikin hawayen.

“Ashe bai kore ni ba.”

“Bai kore ki ba.”

“Zai dawo ke nan?”

“Wa?”

“Ciwon.”

“In ba ki sha wannan ba, zuwa yamma.”

“Godiya ga Allah,” ta ce. Ta share fuska da gefen bargo, ta gyara ɗankwalinta da kanta. “Ɗauki wannan ki zubar. Ki bi Fada, ba zai wuce layin baya ba, ki ce ya dawo mini da Jikin Yesu.”

Ban motsa ba. Ta matse hannuna, da ƙarfin da barcin kwana huɗu ya ba ta.

“Na yafe miki, kin ji? Tausayi ne ya ruɗe ki, Allah ya sani. Amma gobe Asabar, ki je ikirari. Daga yau kuma Matar Katikis ta riƙa haɗa mini shayi. Ba don komai ba, don kada a sake jarabtar ki.”

Yafiyar ce ta ƙarasa ni. Da zagina ta yi da na samu abin riƙewa. Na ji maganar tana tasowa, na so in haɗiye ta, ta ƙi.

“Mama, wata bakwai ina ɗakin nan. Kullum domin Auta, domin Auta. Ko sau ɗaya kin taɓa cewa domin Tela?”

Ta zuba mini ido da mamaki na gaskiya, babu wasa a ciki. Ta ɗago hannu ta sa bayansa a goshina, ta sauko da shi wuyana, tana neman zazzaɓi.

“Ke kuma me ya same ki?”

Jira take yi da gaske. Tausayi ne fal a fuskarta, a shirye take ta ji ko mene ne. Na buɗe baki, na duba, na rasa ta inda ake farawa.

“Ba komai, Mama.”

“To madalla,” ta ce. “Yi sauri kada Fada ya yi nisa.”